Hitar tirela ta ƙi ɗumama ruwa alhali an jona wuta: tambayoyi da amsoshi

A Amurka da Kanada, da zarar sanyi ya ɗaga, hanyoyi sukan cika da motoci jaye da tirelar kwana, ɗaki sukutum a kan tayoyi, da gado da kicin da banɗaki. Idan an isa zango sai a jona wuta a turken da aka kafa wa kowane fili, a jona tiyon ruwa. Wanda ya sayi ta hannu, abin da ya fi saurin hana shi sakat shi ne hita: an jona komai, an jira, an buɗe famfo, ruwa sanyi ƙalau.

Mafi yawan hita mai tanki a waɗannan tireloli daga gida biyu ta fito, Suburban ko Atwood, wanda kamfanin Dometic ya saye a 2014. Tankin yawanci galan 6 ne, kusan lita 23, ko galan 10, kusan lita 38. Da yawa suna aiki da gas kuma suna aiki da lantarki mai volt 120. Abin da na fi gani shi ne mutum ya garzaya ya sayo sabon ƙarfen ɗumama ruwa, wato elimen, tun bai duba komai ba. Wuta hanya take bi kafin ta isa elimen, kuma tana iya tsayawa a wuri biyar ko shida. A bi ta daga tushe.

Malam, fitilun ciki duk suna kamawa, famfo yana kawo ruwa. Ai wuta ta shigo ke nan?

A'a. Fitilun tirela da injin tura ruwa da fankar hitar ɗaki duk da batir mai volt 12 suke aiki, ko an jona wutar zango ko ba a jona ba. Elimen kuwa volt 120 yake so. Dubi agogon maikurowef, ko ka sa cajar waya a soket ɗin bango. Idan babu wuta a nan, matsalar ba ta hita ba ce. Koma turken zango ka ga ko burekarsa, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in nauyi ya yi yawa, a kunne take, ka kashe ta gaba ɗaya ka sake kunnawa, domin bureka tana iya faɗuwa ta tsaya a tsakiya kamar ba abin da ya same ta. Sannan ka duba fulogin, ya shiga sosai? Daga nan ka buɗe akwatin burekoki na cikin tirela, ka nemi wadda aka rubuta wa hita, yawanci mai amp 15 ce, ka yi mata haka ita ma.

Akwai gwaji ɗaya da nake so kowa ya fara yi idan akwai gas a tukunya: kunna hitar a ɓangaren gas. In ruwa ya yi zafi da gas amma ya ƙi da lantarki, ka san tanki da bututai lafiya suke, a waya za ka nemi laifi. In duka biyun sun ƙi, to ka fi zargin bawul ɗin bututai ko wutar volt 12 da ke sarrafa hitar.

Me ya sa ake ta nanata cewa sai tanki ya cika kafin a kunna?

Saboda nan ne aka fi kashe elimen. An ƙera shi ne ya zauna cikin ruwa, ruwan ne yake ɗauke zafin da yake fitarwa. In aka ba shi wuta a busasshen tanki, kafin ka ankara ya ƙone, ba ƙara, ba hayaƙi, ba alama. Sai dai ka ga ruwa ya ƙi zafi.

Ga inda mutane suke ruɗuwa. Suna buɗe famfon ruwan zafi, su ga ruwa yana zuba, su ce tanki ya cika. Amma a bayan hita akwai bawul na kewaye, wani ɗaya, wani biyu, wani uku, waɗanda ake juyawa lokacin hunturu domin a raba tankin da sauran bututai kafin a zuba ruwan hana daskarewa, mai launin ruwan hoda. In bawul ɗin nan suna nan yadda aka bar su tun hunturu, ruwa zai kewaye tankin ya fito ta famfon zafi salin-alin, tanki kuwa babu ko ɗigo. Wanda ya karɓi tirela daga hannun wani a watan Afrilu ko Mayu ya riƙe wannan da kyau, domin a haka aka ajiye ta.

Shaidar da na yarda da ita guda ɗaya ce. Fita waje, buɗe ƙofar hitar, ka ga bawul ɗin tagulla a sama mai ɗan hannu. Ruwa yana sanyi, ka ɗaga hannun kaɗan. Ruwa ya feso, tanki ya cika. Iska ce ta fito ko shiru, kada ka taɓa makunni.

Na danna makunnin da ke cikin ɗaki, har fitilarsa ta kama. Akwai wani kuma?

A hitar Suburban, sau da yawa akwai. Buɗe ƙofar waje, ka sunkuya ka duba can ƙasa ta hagu, bayan bututun gas. Ɗan ƙaramin makunni ne baƙi, wani lokaci har da ɗan fil da aka soke shi da shi don kada a kunna da kuskure. Wasu tirelolin ba su da makunnin lantarki a ciki sam, wannan na wajen ne kaɗai, wanda ke ciki na gas ne. Wasu suna da biyu, kuma dole biyun su kasance a kunne.

Makunnin nan ruwa da ƙura suna samun sa, shi ya sa yakan ƙage ko ya narke ta baya. In ka ji ya yi tauri, ko ka ga robarsa ta canza kama, canza shi. Ba shi da tsada.

A sababbin samfuran hitar Atwood, makunnin ciki ba volt 120 yake ɗauka ba. Saƙo yake aikawa da volt 12 zuwa allon sarrafawa, shi kuma ya ja wani ɗan rile da ke bayan tanki, rilen ne yake sakin wuta zuwa elimen. Ke nan batir da ya mutu ko fis ɗin volt 12 da ya ƙone yana iya hana ɓangaren lantarki aiki ko da wutar zango tana nan daram. In gida ya yi tsit, sa wani ya danna makunni kai kuma ka saurara kusa da tankin, ya kamata ka ji ɗan ƙas. Tsofaffin Atwood kuwa makunninsu yana jikin tankin ta baya, sai an buɗe ƙaramar ƙofa ko durowa daga cikin ɗaki.

Wane maɓalli ne ake cewa a danna idan hita ta yanke?

Kowace hita tana da masu gadi biyu. Na farko tamostat, shi ne yake yanke wuta in ruwa ya kai zafin da ake so: digiri 54 na Selshiyas a Suburban, 60 a Atwood. Na biyu yana jira ne ko na farko ya gaza, sai ya yanke a wajen digiri 82. A Suburban, in na biyun ya yanke ba ya dawowa da kansa. Za ka ga murfin roba baƙi a fuskar hitar mai ɗan tudu biyu, ɗaya na lantarki ɗaya na gas. Kashe wuta, bari ruwa ya huce, ka danna duka biyun da babban yatsa. Wanda ya faɗi za ka ji ya yi ƙas.

In ya yanke sau ɗaya, ka danna, ya ci gaba da aiki, shi ke nan. In kullum sai ka danna, kada ka mai da shi al'ada. Yana gaya maka ne tamostat ya lalace, ko bai manne da jikin tanki sosai ba, ko waya ta yi sako-sako tana zafi. Ruwa mai digiri 80 yana sale fata nan take, kuma cikin tirela yara suna kaiwa ga famfo.

Atwood tana da wani abu daban: ɗan fis na zafi cikin farar leda mai kama da bututun biro, a jikin waya kusa da tamostat. Harshen wuta da ya dawo baya, galibi saboda gizo-gizo ko zanzaro ya yi gida a bututun gas, shi ke ƙona shi. In ya ƙone a sababbin samfura, gas da lantarki duka suna tsayawa. Akwai masu cire shi su haɗa waya kai tsaye. Don gwaji na minti ɗaya kana tsaye, na fahimta. A bar shi haka a kwanta barci, ban yarda ba, gobara aka sa shi ya tsare.

Yaya zan tabbatar elimen ne ya ƙone kafin in kashe kuɗi?

Da mitar gwaji. Amma kafin nan, zare babban fulogin tirela daga turke, ka kashe janareta ko inbata in akwai. Kashe makunni kaɗai bai isa ba.

A Suburban elimen yana ta waje, ƙarƙashin wani murfi a bayan bututun gas. A Atwood yana bayan tanki, ta cikin ɗaki ake isa gare shi. Cire wayoyin biyu daga jikinsa, sa mita a ma'aunin om, ka taɓa kusoshin biyu. Elimen ɗin waɗannan hitoci wat 1,400 ne zuwa 1,440, saboda haka lafiyayye zai nuna om 10 ko kusa da haka. In mita ba ta motsa ba, ya yanke a ciki. Sannan ka taɓa kusa ɗaya da ƙarfen tankin. A nan ba a son mita ta nuna komai. In ta nuna, elimen ya tsage, wuta tana zurarewa cikin ruwa.

Canza shi ba wuya in an bi a hankali. Rufe gas da ruwa, bari tanki ya huce, buɗe famfon zafi iska ta fita, sannan ka zubar da ruwan. Kada ka kwance komai tanki yana da matsi, toshiyar ramin zubar da ruwa za ta iya fitowa da ƙarfi ta ji maka ciwo. Kan elimen inci ɗaya da rabi ne, kuma wurin ya matse, shi ya sa ake sayar da siririyar sifana ta musamman dominsa. Sa sabon gasket, wato robar hana yoyo, ɗaure, cika tanki, duba yoyo, sannan a ƙarshe ka ba shi wuta.

Lura da abin da aka rubuta a kwali. Shagunan kayan gini a Amurka cike suke da elimen na hitar gida mai volt 240, kuma bakin zarensa yana iya shiga. In ka sa shi a volt 120, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da ke rubuce a jikinsa kawai zai bayar.

Ruwan yana ɗumi amma ba ya zafi, ko ya yi zafi daƙiƙa kaɗan ya koma sanyi.

Wannan da wuya ya zama laifin lantarki. Elimen ko yana aiki ko ba ya yi. Ruwan sanyi ne yake shiga layin zafi ta wani wuri, kuma wurare biyu aka fi kamawa. Na farko bawul ɗin tsakiya na kewayen nan, wanda ke haɗa bututun sanyi da na zafi a bayan tanki: in ana amfani da hita dole ya kasance a rufe, na sama da na ƙasa a buɗe. Na biyu shawar waje. Mutum ya wanke ƙafa ko kwano, ya tsayar da ruwa da maɓallin kan shawar, ya bar kawunan famfon biyu a buɗe. Ruwan sanyi da na zafi sai su riƙa gauraya a can, duk famfon cikin ɗaki ya koma ɗumi-ɗumi. Shawar banɗaki ma tana yin haka. Rufe kawunan ka gani.

In kuwa famfon zafi ɗis-ɗis yake kawowa alhali na sanyi yana zuba sosai, ka zargi ɗan bawul mai hana ruwa komawa baya da ke bakin fitar tanki. Cikinsa roba ce, tana karyewa ta toshe hanya.

Sai kuma haƙuri. Galan 6 da ya shigo da sanyin digiri 15 yana bukatar kusan minti 45 kafin elimen ya kai shi 54. Galan 10 ya haura awa ɗaya. Kuma lita 23 ba ruwan da za a tsaya ƙarƙashin shawa ana waƙa ba ne. A jiƙa jiki, a rufe, a sa sabulu, a ɗauraye. Wanda ya tashi da wankan bokiti bai bukatar a koya masa wannan.

Ana iya kunna gas da lantarki tare?

Ana iyawa, an ƙera su don haka. Lantarki kaɗai yana ɗumama kusan galan 6 a awa, gas kusan 10, in an haɗa kusan 16. Gida mai mutane da yawa da safe, haɗa su.

Da na kunna hita sai burekar turke ta faɗi. Hitar ce ta lalace?

Yi lissafi tukuna. Ƙananan tireloli da matsakaita fulogin amp 30 suke da shi, volt 120, duka-duka wat 3,600. Hita tana cin amp 12. Esi na kan rufi yana cin 13 zuwa 15. Kafin ka taɓa komai ka kai 25 ko 27. Na'urar cajin batir tana ɗibar nata, firij in yana kan lantarki yana ɗibar nasa. Uwargida ta danna maikurowef ko butar lantarki, wanda kowannensu ya kai amp 10 ko fiye, bureka ta faɗi. Ba abin da ya lalace, aikinta ta yi. Abin da ke ruɗa mutane shi ne hita ba ta sanarwa in za ta kama, tamostat ne yake kunna ta a lokacin da ya ga dama, sai a ga kamar wuta tana ɗaukewa haka kawai. Ranar zafi da esi ke aiki, mai da hita kan gas. Masu fulogin amp 50 ba su cika shan wannan wahala ba, domin layi biyu ne, jimilla wat 12,000.

In a gida ka jona da adafta a soket na amp 15, hita ita kaɗai ta kusa cinye shi.

Wata matsalar ita ce wuta mai rauni. A zangon da ya cika ranar Asabar ta tsakiyar Yuli, kowa ya kunna esi, volt yana iya sauka zuwa 105. A nan elimen wat 1,100 kawai zai bayar, ruwa ya daɗe bai yi zafi ba, kuma esi ɗinka ne ya fi shiga haɗari. Doguwar siririyar wayar ƙari ma tana jawo haka. Taɓa fulogi bayan awa ɗaya. In ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, ko ƙarafunansa sun yi baƙi, canza shi, ka kuma gaya wa masu zango su duba soket ɗinsu.

Amma in babu komai a kunne sai hita, kuma burekarta ta cikin tirela ce take faɗuwa nan take, wannan shot ne. Duba elimen da wayoyin akwatin haɗi na bayan hita, inda girgizar hanya takan sassauta su har su ƙone.

Soket ɗin gareji mai maɓalli biyu yana yankewa da zarar na jona tirela, ko hita a kashe take.

Soket ɗin nan, wanda ake kira GFCI, yana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, in an samu bambancin da ya kai kashi 5 cikin dubu na amp ɗaya kacal sai ya yanke. Elimen da ya tsage yana iya jawo haka ko an kashe makunni, domin makunni baƙar waya kaɗai yake yankewa, farar tana nan haɗe da elimen. Zare fulogi, cire wayoyin elimen duka biyu, naɗe kowace da tef, ka sake jonawa. In ya daina yankewa, ka gano ɓarawon.

Kada ka magance wannan da neman soket marar kariya, kuma kada ka karya ƙafar fulogi ta wayar ƙasa. In ka taɓa ƙofar tirela ko matakala ka ji wuta ta ɗan ja ka, komai ƙanƙantarta, zare fulogi nan take, kada yaro ya kusanci wurin, ka kira mai gyara. Jikin tirela ƙarfe ne, mutum kuma yana tsaye a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wannan yana kisa.

Wanda zai sa a yi masa soket na amp 30 a gida ya tsaya a kan mai aikin. Soket ɗin tirela ya yi kama da tsohon soket na injin busar da kaya, wanda volt 240 ne, kuma masu aikin lantarki sukan yi kuskuren haɗa shi haka. A auna da mita a ga 120 kafin a jona.

Bawul ɗin tagulla na sama yana ɗiga idan ruwa ya yi zafi.

Ɗan ɗiga lokacin ɗumama ba lalacewa ba ne. Ruwa yana kumbura in ya yi zafi, kuma an bar wa tankin ɗan sarari na iska a sama don ya shanye kumburin. A hankali iskar takan narke cikin ruwa, matsi ya tashi, bawul ya saki. An saita shi ya buɗe in matsi ya kai psi 150 ko zafi ya kai digiri 99. Maido da iskar haka: kashe hita ta huce, rufe ruwan shigowa, buɗe famfon zafi, ɗaga hannun bawul har ruwa ya daina fita, sake shi ya rufe da kansa, rufe famfo, sannan ka buɗe ruwa. In yana zuba ko ruwa yana sanyi, ya gaji, a sa sabo. Toshe bakinsa kuwa haramun ne a wannan sana'a.

Ruwan zafi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Ruwan rijiya mai sinadarin farar wuta ne ya daɗe a tanki, ƙwayoyin bakteriya suka yi aiki a kansa. Zubar da shi, wanke tankin da ruwan khal, ɗauraye sosai. Tankin Suburban ƙarfe ne, shi ya sa toshiyarsa take da doguwar sanda ta magniziyam wadda tsatsa ke ci a madadin tankin. Kanta inci ɗaya da ɗaya bisa sha shida ne. A duba ta duk shekara, in kashi uku cikin huɗu ya cinye a canza. Inda wari ya ƙi ƙarewa, sandar alminiyam takan rage shi. Atwood tankinta alminiyam ne, toshiyar roba take da ita, ba ta bukatar sanda. Wankin nan yana taimakon elimen ma, domin farin dutsen da ruwa ke tarawa yana lulluɓe shi ya rage masa kwana.

Tawa ba ta da tanki, kuma ban ga makunnin lantarki ba.

Ba za ka gani ba. Irin su Girard da Furrion da Truma AquaGo da gas suke ɗumama ruwa yayin da yake wucewa, volt 12 kawai suke bukata don fanka da allon sarrafawa. In sun ƙi kamawa, duba gas, batir, da ƙarfin zubar ruwa.

A Turai nake, ko kuma ina so in kawo tirelar Amurka gida.

A Turai wutar zango volt 230 ce, ta shuɗin fulogi mai ƙafa uku, kuma turke yakan ba da amp 16, wani 10, wani 6 kacal. Amp 6 bai kai wat 1,400 ba. Truma Combi mai lantarki tana da mataki biyu, wat 900 da 1,800, saboda haka a irin wannan zango ƙaramin za ka zaɓa. Dokar cika tanki kafin kunnawa tana nan yadda take.

Najeriya da Nijar da Gana ma wutarsu 220 zuwa 230 ce. Elimen mai om 10 in ya sha wannan zai nemi ya ja wajen wat 5,000, kuma kafin ya ƙone na'urar cajin batir da maikurowef da esi sun riga shi. Ko dai a sa taransifoma mai saukar da wuta zuwa 120 wadda ta isa nauyin, ko a raba layin hitar a sa mata elimen na volt 230, aikin da ƙwararren mai lantarki ne ya kamata ya yi.

Zan ajiye tirela saboda hunturu. Me zan yi don kada in tarar da wannan matsala baɗi?

Kafin ka kwance toshiya, kashe makunnin ciki, kashe na waje, kashe burekar hita, ka manna mata tef ka rubuta cewa tanki babu ruwa. Zubar da ruwan tas, domin in ya daskare yana fasa tanki. Juya bawul ɗin kewaye, ka ɗauki hotonsu da waya kafin juyawa da bayan juyawa. In bazara ta zo, mai da bawul yadda suke a hoton farko, ɗaure toshiya, cika tanki, ɗaga hannun bawul ɗin tagulla ka ga ruwa da idonka, sannan ka cire tef ɗin.